Raba tagwayen ƙarafa da ruwa da kananzir: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa leƙa tukunyar miya ya ga mai ya taso sama ya yi ja wur, ya riga ya ga rabin abin da za mu tattauna. Gishirin da uwargida ta zuba yana can cikin ruwan miyar, amma jan tattasai da zafin attaruhu sun fi bin man. Ba wanda ya tsince su da hannu, kowanne ya nufi inda ya fi masa daɗin zama. Da irin wannan dabarar ake tace yuraniyom ɗin Arlit, da ita ake raba niyobiyom da tantalom, ƙarafa biyun da ke cikin kolombait, baƙin yashin ma'adinin nan na Jos, da ita kuma ake samun ƙarfen maganaɗisun da ke cikin sifikar wayarka.

Mene ne ainihin tsamo ƙarfe da mai?

Ana fara niƙa dutsen ma'adini, a jiƙa shi a asid har ƙarafan cikinsa su narke su zama ruwa-ruwa. Asid ba ya zaɓe, duk abin da ya tarar sai ya narkar, saboda haka ruwan da za a samu gauraye yake da ƙarafa iri-iri. Sai a kawo wani ruwa na biyu wanda ba ya haɗuwa da na farko, galibi kananzir da aka tace, a kaɗa su tare sosai, a bar su su kwanta. Mai ya taso sama, ruwa ya koma ƙasa. Ƙarfen da ake nema ya bi mai, sauran suka tsaya a ruwa. A janye man gefe, a kaɗa shi da wani sabon ruwa mai tsabta wanda zai karɓe ƙarfen daga gare shi. Shi ke nan a taƙaice: lodi, ɗauraya, sauke kaya.

Ai ƙarfe da kananzir ba sa shiri. Me zai kai shi ciki?

Gaskiya ne. Ko ka kwana kana kaɗa ruwan ƙarfe da zallar kananzir ba abin da zai motsa. Ƙarfen da ya narke yana ɗauke da caji, ƙwayoyin ruwa kuma sun kewaye shi sun riƙe gam, mai kuwa ba ya karɓar baƙo mai caji.

Shi ya sa ake narka wani sinadari a cikin kananzir ɗin, wanda ni na fi son in kira shi ɗan dako. Kansa na son ƙarfe, doguwar jelarsa na son mai. Idan aka kaɗa, sai 'yan dako biyu ko uku ko fiye su rungume ƙwayar ƙarfe ɗaya, su kashe cajinta, su lulluɓe ta da jelunansu, su haye da ita cikin mai. Kananzir mota ce kawai, aikin na 'yan dako ne.

Su kuma kashi uku ne. Akwai masu musaya, irin su D2EHPA da PC88A da Cyanex 272, waɗanda ke ajiye haidurojin su ɗauki ƙarfe. Duk ƙarfen da suka ɗauka sai ruwan ya ƙara tsami, idan tsamin ya yi yawa su ƙi ɗauka, har ma su saki wanda ke hannunsu. Wannan hali nasu shi ne linzamin da injiniya ke riƙewa: a rage tsami su yi lodi, a ƙara tsami su sauke. Akwai dangin amin, irin Alamine 336, masu kama ƙarfen da ya riga ya haɗu da salfet ko kuloraid ya zama dunƙule. Na uku su ne irin TBP da MIBK, waɗanda ke ture ruwan da ya kewaye gishirin ƙarfe su maye gurbinsa.

Me ya sa wasu ƙarafan suke kama da juna har rabuwarsu ta zama aiki?

Ɗan dako ba ya da ido. Abu biyu yake laluba, caji da girma. Idan ƙarafa biyu suka zo da caji ɗaya da girma ɗaya, a wurinsa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

A ƙa'ida, ƙwayar sinadari kan ƙara girma idan ana gangarawa ƙasa a jadawalin sinadarai. Amma akwai wani jeri na ƙarafa 15, daga lantanom mai lamba 57 zuwa lutetiyom mai lamba 71, da suke tsukewa kaɗan-kaɗan yayin da lambarsu ke hawa, daga kimanin fikomita 103 zuwa 86. Fikomita ɗaya kashi ɗaya ce cikin biliyan na milimita. Wannan tsukewa ta haifar da matsala biyu. Ta farko, tsakanin maƙwabci da maƙwabci a jerin, bambancin a matsakaici fikomita ɗaya ne da ɗan wani abu, kuma kusan dukansu caji uku suke ɗauka. Ta biyu, ƙarafan da suka biyo bayan jerin sun rasa ƙarin girman da ya kamata su samu. Hafniyom mai lamba 72 ya dawo daidai da zirkoniyom mai lamba 40, ɗaya fikomita 71, ɗaya 72. Tantalom mai lamba 73 ya zama sak niyobiyom mai lamba 41, kowanne 64.

Masana da kansu sun sha ruɗewa. Charles Hatchett ya gano niyobiyom a Ingila a 1801, ya sa masa suna kolombiyom. Anders Ekeberg ya gano tantalom a Suwidin a 1802. A 1809 William Wollaston ya gwada su ya ce ai abu ɗaya ne, aka kuwa yarda da shi fiye da shekara talatin, sai a shekarun 1840 Heinrich Rose ya sake tayar da maganar. Hafniyom kuwa ya laɓe a bayan zirkoniyom har 1923, lokacin da Dirk Coster da George de Hevesy suka bankaɗo shi a Kopenhagen. Kama da wane ba ta wane, amma kafin a tabbatar an ci shekaru.

Tantalom ya ninka niyobiyom nauyi. Me ya hana a wanke su a ƙwarya kamar zinariya?

Wannan tambayar masu wankin kuza ce, kuma tana da ma'ana. Tantalom na da nauyin giram 16.7 a kowane kubik santimita, niyobiyom 8.6. Da a ce kowanne yana zaune a tasa tsakuwar, da ruwa da ƙwarya sun wadatar. Matsalar ita ce a cikin ƙwayar yashi guda suke, sun cakuɗe ƙwayar zarra da ƙwayar zarra, wannan ya zauna a gurbin wancan. Wanki na raba yashi da yashi, ba ya shiga cikin ƙwayar yashin. Dole sai an narkar da ita gaba ɗaya, kuma da zarar sun narke nauyi ya daina aiki.

Kafin a samo wannan dabara, yaya ake yi?

Da haƙuri. A narka gishirin ƙarafan, a dafa, a bari ya huce ya fitar da ƙanƙara. Wanda ya fi wuyar narkewa ya ɗan fi yawa a ƙanƙarar, ɗayan ya ɗan fi yawa a ruwan. A kwashe, a sake narkawa, a sake. Ta haka Jean Charles de Marignac ya raba tantalom da niyobiyom a 1866, kuma hanyarsa aka bi a masana'antu har wajen tsakiyar ƙarni na 20. Ta haka Carl Auer von Welsbach ya nuna a 1885 cewa abin da ake kira didimiyom, wato tagwaye a harshen Girka, ƙarafa biyu ne, niyodimiyom da farasiyodimiyom. Charles James a Amurka sai da ya maimaita wannan aiki kusan sau 15,000 kafin ya samu tuliyom mai tsarki a 1911. Mutum ya tsaya ya yi tunanin wanke kwanuka sau 15,000 don ɗan abin da bai cika tafin hannu ba.

Ita kanta dabarar mai ba sabuwa ba ce. Tun 1842 Eugène Péligot ya lura cewa gishirin yuraniyom na naitiret yana shiga ruwan ita, wannan da likitoci suka daɗe suna sa barci da shi. Ta zauna a ɗakin gwaje-gwaje shekara ɗari, har Yaƙin Duniya na Biyu ya sa Amurka neman yuraniyom mai tsarki tan-tan. A 1942 kamfanin Mallinckrodt a birnin St. Louis ya fara tace shi da ita, duk da cewa ruwan ita ɗan tartsatsi yake jira ya tashi. Daga harkar nukiliya ne dabarar ta fantsama zuwa sauran ƙarafa. Jan ƙarfe ya shigo a 1968 a mahaƙar Bluebird ta jihar Arizona, Zambiya ta biyo baya da babbar masana'antar Nchanga a 1974.

Ana iya ganin rabuwar da ido?

Da kobalt da nikel ana gani sarai, kuma idan da ni ke tsara darasi da su zan fara. Maƙwabta ne, lamba 27 da 28. Ruwan kobalt launin hoda ne, na nikel kore. Idan aka haɗa su sai a samu wani ruwa mai duhu-duhu, ba kyan gani, kamar ruwan da aka wanke rini a ciki. A zuba shi a mazurarin gilashi mai famfo a ƙasa, a ƙara kananzir mai ɗauke da Cyanex 272, wanda kusan fari ne tas. A daidaita tsamin ruwan wajen 5 zuwa 5.5 a ma'aunin tsami na pH, a toshe, a girgiza na minti biyu, ana buɗe famfo jefi-jefi don iska ta fita. Da farko komai ya dagule kamar kunu. Sai ka ajiye. A hankali layi ya fara bayyana a tsakiya, ƙananan ƙwallayen mai suna hawa suna fashewa. Can sai ga sama ya koma shuɗi mai duhu kamar an tsamo shi daga marinar Ƙofar Mata, ƙasa kuma kore shar. A zare ruwan ƙasa, a zuba wa man asid mai rauni, a sake girgizawa: shuɗin ya gushe, sabon ruwan ya fito launin hoda. Kobalt ne zalla.

Dalilin canjin launin shi ne dalilin rabuwar. A cikin ruwa kowannensu yana zaune da ƙwayoyin ruwa shida a kewaye. Kobalt bai damu ba ya sallame su ya zauna da hannaye huɗu na 'yan dako, kuma a wannan zaman ne yake yin shuɗi. Nikel ya nace sai zaman shida, ba ya son sakin ruwansa, don haka aka tafi aka bar shi.

Idan bambancin ɗan mitsitsi ne, ta yaya ake kai ga tsarkin kashi 99.9?

A nan ne asirin sana'ar yake. Kowane ƙarfe na da rabonsa tsakanin mai da ruwa. Idan kashi 90 ya hau mai, 10 ya tsaya, rabonsa 9 ke nan. Idan aka raba rabon wannan ƙarfe da na wancan, abin da ya fito shi ne tazarar da ke tsakaninsu. Tsakanin kobalt da nikel, D2EHPA na ba da tazarar kusan 14, PC88A kusan 280, Cyanex 272 kuwa dubbai, shi ya sa fitowarsa a farkon shekarun 1980 ta sauya harkar kobalt. Mai tazarar dubbai matakai kaɗan sun ishe shi.

Niyodimiyom da farasiyodimiyom, ƙarafan maganaɗisu kuma maƙwabta a jerin nan na ƙarafa 15, tazararsu ba ta wuce 1.5 ba. Ka fara da su ɗaya da ɗaya, kaɗawa ɗaya ta mai da su 1.5 da ɗaya. Kamar ba a yi komai ba. Amma ka ɗauki wannan ka sake, ya zama 2.25, sannan 3.4, sannan 5. A karo na 10 ya kusa 58, a na 17 ya kusa 1,000. To wannan gefe ɗaya ke nan. Idan ana son ɗayan ma ya fito da tsarki a ɗaya bakin, sai an ninka, mataki 34. Kuma lissafin takarda ne wannan, wanda ya ɗauka ba a cire ko cokali ɗaya ana sayarwa. A masana'anta ta gaske sai an ƙara da yawa. Ka tuna kuma ƙarafan ba biyu ba ne, goma sha ne, kowane yanka da nasa jerin. Ta haka ake tarar da ɗaruruwan akwatuna jere a rumfa ɗaya.

Ba a zubar da ragowar kowane mataki. Ana sa ruwa ya bi jerin daga gabas zuwa yamma, mai kuma daga yamma zuwa gabas, suna gamuwa a kowane akwati. Man da ya kusa fita yana haɗuwa da ruwan ɗauraya mai ɗauke da ƙarfen da ake so, shi kuma ya ture baƙon da ya maƙale ya karɓi gurbinsa. Ruwan da ya kusa fita ta ɗaya bakin yana haɗuwa da sabon mai mai yunwa, wanda zai lashe ɗan abin da ya rage.

Yaya akwatin yake?

Ɗaki biyu ne. Ƙarami mai farfela, inda ake kaɗawa na 'yan mintoci, da babba mai faɗi marar zurfi inda cakuɗin ke kwanciya. A ƙarshen babban akwai katanga: mai ya tsallake ta sama, ruwa ya bi ta ƙasa. A wuraren nukiliya an fi amfani da dogayen bututu a tsaye ko injin juyi mai gudu, don kada kaya su daɗe a ciki.

Ina kolombait ɗin Jos ya shigo cikin wannan labari?

Shekaru da dama masu haƙar kuza a tsaunukan Jos suna ɗaukar wannan baƙin yashi a matsayin datti mai rage wa kuza daraja. Da aka gane amfanin niyobiyom wajen ƙarfen da ke jure zafi, musamman na injin jirgin sama, sai ya zama abin nema, har a shekarun 1950 Nijeriya ce ke kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Sai dai a buhu yake fita, ba a raba ba.

Can inda ya sauka, ana narka shi a asid ɗin haidurofulorik haɗe da ruwan batir, wato asid mai salfet. Idan tsamin ya yi ƙarfi sosai, niyobiyom da tantalom duka biyu suna hawa MIBK, su bar baƙin ƙarfe da manganis da titaniyom a ƙasa. Daga nan sai a yi amfani da ɗan bambancin halinsu. Niyobiyom na saurin kama iskar oksijin ya koma son ruwa, don haka da an kawo asid mai rauni shi ke fara sauka. Tantalom ya yi zamansa a mai sai an zo masa da ruwa zalla ko mai ɗan amoniya. An tsara wannan hanya a Amurka a shekarun 1950, ita ce ta yi wa hanyar Marignac ritaya.

Yau Barazil ce ke da kasuwar niyobiyom, daga mahaƙar Araxá, kuma mafi yawansa ba ya bi ta wannan hanya domin ana narka shi ne kai tsaye a zuba a ƙarfen gini da na bututu. Tantalom ne ba makawa sai an tsamo shi, shi ne ke cikin ƙananan ma'ajiyar caji na waya da kwamfuta. Kolombait ɗin Jos niyobiyom ya fi yawa a cikinsa nesa ba kusa ba. Wanda dillali zai auna ya ga tantalom ya ɗaga, kuɗinsa daban ne, kuma abin da ake kira koltan a Kwango dangin wannan dutse ne.

A Arlit fa?

Kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da yuraniyom a 1971, COMINAK na Akouta a 1978 har zuwa rufe shi a watan Maris na 2021. Dutsen wurin 'yan kilo kaɗan na yuraniyom ne a kowane tan, saboda haka ba wanda zai ɗauki dutse ya kai teku. Ana niƙa shi a jiƙa da ruwan batir a nan hamada. Yuraniyom ya haɗu da salfet ya zama dunƙule, amin da ke cikin kananzir ya ɗauke shi, ya bar tulin baƙin ƙarfe da alminiyom a ruwa. Mai naci a wannan aiki shi ne molibdinom, wanda ke bin amin kamar yadda yuraniyom ke bi, sai an yi masa dabara ta daban. Bayan an sauke, a daskarar da shi ya zama garin yuraniyom da ake zubawa a durom.

Garin bai gama tsarkaka ba. Shekara da shekaru, har zuwa 2023, ana ɗaukarsa ta Kwatano zuwa Malvési kusa da Narbonne a kudancin Faransa, a sake narka shi a asid ɗin naitirik, a sake tsamo shi, wannan karon da TBP. Wato a lokacin sau biyu yake hawa mai, sau ɗaya a Nijar, sau ɗaya a Faransa.

Wannan shi ne inganta yuraniyom da ake ta rigima a kai a labarai?

A'a. Tsamowa na raba yuraniyom da wasu ƙarafa. Ingantawa kuwa raba yuraniyom ne da yuraniyom, nau'in 235 da na 238, waɗanda ɗan dako ba ya bambance su. Garin Arlit kashi 0.7 cikin ɗari ne nau'in 235, kamar yadda yake a dutse. Ƙara wannan kaso aikin wasu injuna ne masu juya iskar gas.

Inda tsamowa ta taɓa siyasa shi ne wajen tsohon makamashin da aka ciro daga tukunyar nukiliya. Hanyar PUREX, wadda aka fara a Savannah River ta Amurka a 1954 kuma ake bi a La Hague ta Faransa, tana raba yuraniyom da fulutoniyom daga sauran dattin. Shi ya sa masu sa ido na duniya ba sa ɗauke kai daga irin waɗannan wurare.

Me ya sa ake wahalar raba hafniyom da zirkoniyom tunda halinsu ɗaya?

Ga mai yin tayil ko kwanon tangaran ba ruwansa, yana amfani da su a haɗe. A tukunyar nukiliya ne suka zama kishiyoyi. Zirkoniyom na barin niyutiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke rura wutar tukunyar, ya wuce, shi ya sa ake yin bututun makamashi da shi. Hafniyom na shanye niyutiron kusan sau 600 fiye da shi, kuma duk zirkoniyom da aka haƙo yana ɗauke da kimanin kashi 2 cikin ɗari na hafniyom. Wannan ɗan kason ya isa ya ɓata aiki. Lokacin da sojan ruwan Amurka ke gina Nautilus, jirgin ƙarƙashin teku na farko mai aiki da nukiliya, wanda aka ƙaddamar a 1954, an raba su da MIBK da tayosayanet, hafniyom ya hau mai. Wanda aka cire ɗin ma bai tashi a banza ba, da shi aka yi sandunan da ke rage wa tukunyar wuta.

Me ya sa ƙasar Sin ta yi kaka-gida a ƙarafan maganaɗisu?

Mutane kan ce don tana da ma'adinin ne. Tana da shi, Bayan Obo a Mongoliya ta Gida babbar mahaƙa ce. Amma Amurka na da Mountain Pass, Ostareliya na da Mount Weld, ko a tarin ƙasar tsofaffin ramukan kuza na Jos akwai monazait mai ɗauke da waɗannan ƙarafa. A ganina amsar tana cikin rumfar akwatunan nan. A 1972 aka ɗora wa Xu Guangxian na Jami'ar Peking aikin raba niyodimiyom da farasiyodimiyom. Abin da ya fito da shi ya wuce sabon ɗan dako, lissafi ne na yadda za a tsara dogon jeri tun a takarda, a san yawan akwatuna da gudun kowane ruwa, ba sai an yi shekaru ana gwaji ba. Aka koyar da injiniyoyi, masana'antu suka yawaita, farashi ya faɗi, na wasu ƙasashe suka rufe. Yau wajen kashi 90 cikin ɗari na tacewar a Sin ake yi. Akwai kamfanin Lynas a Kuantan ta Malesiya da masana'antar La Rochelle a Faransa, amma ba su kama ƙafarta ba. A watan Disamba na 2023 Sin ta hana fitar da fasahar rabawar kanta zuwa waje, abin da ke nuna inda su da kansu suka san darajar take.

Ba kyauta suka same shi ba. Ruwan amoniya da asid da dattin toriyom da aka tara a kewayen Baotou, birnin da ake tace ma'adinin Bayan Obo, sananne ne.

Man ƙarewa yake yi?

Zagayawa yake, lodi, saukewa, komawa. Ɗan abin da ke bin ruwa ko ya tashi a iska shi ake cikawa.

Me ya fi ba ma'aikata ciwon kai?

Dauɗar tsakiya. Ƙurar dutse da siliki da ɗan abin da ya ruɓe daga man kan taru a layin da ke tsakanin mai da ruwa su zama wani kauri mai yauƙi, ba ya hawa ba ya sauka, yana cin ɗan dako mai tsada yana kuma ɗaukar datti daga akwati zuwa akwati. Wani lokaci idan lodi ya yi yawa man kansa ya rabe biyu, a wayi gari da hawa uku. Don haka ake ɗan zuba wani giya-giyan sinadari mai doguwar jela a cikin man amin. Sannan dogon jeri ba ya son a taɓa shi. Wutar lantarki ta ɗauke ko famfo ɗaya ya canza gudu, tsarkin da aka yi makonni ana ginawa ya rushe, a koma jira. Duk mai mafarkin kafa irin wannan masana'anta a inda wuta ke zuwa tana tafiya, da wannan zai fara.

Sai gobara. Tan-tan na kananzir ne ke gudu a bututun roba, gudun kuma na tara cajin da kan yi tartsatsi. Sashen tsamowa na mahaƙar Olympic Dam a Ostareliya ya ƙone a 1999, ya sake ƙonewa a 2001. A Tomsk ta Rasha a 1993 tanki ya fashe bayan man TBP ya haɗu da asid ɗin naitirik mai ƙarfi ya yi zafi.

Mai haƙa na gargajiya zai iya gwadawa a gida don ya ƙara wa kayansa daraja?

Kada ya fara. Asid ɗin da ke narka kolombait yana cin gilashi. Idan ya taɓa fata, marar ƙarfinsa ba ya ma zafi nan take, sai ya ratsa ciki ya kama sinadarin kalsiyom na jini, zuciya ta rikice. Ƙuna mai faɗin tafin hannu daga mai ƙarfinsa na iya kisa. Ga tururinsa, ga yuraniyom da toriyom da kan biyo dutsen su taru a dattin, ga ruwan da ba inda za a zubar sai kwata ko rafi. A 2010 a Zamfara niƙa dutsen zinariya kawai aka yi a tsakar gida, ba asid ba komai, ƙurar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma.

Abin da ke hannun mai haƙa shi ne tsabtace yashinsa da wanki da injin maganaɗisu, ya ware kuza daban, kolombait daban, ya kuma sa a auna masa kason tantalom a gabansa kafin a yi ciniki.

Tsofaffin batura fa, ana ceto ƙarafansu ta wannan hanya?

Na mota da manyan na sola masu dalma narka su ake yi a wuta, ba su shigo nan ba. Na waya da kwamfuta da motar lantarki su ne. Ana farfasa su a samu wani baƙin gari, a narka a ruwan batir, a fara kawar da baƙin ƙarfe da alminiyom da jan ƙarfe. Sai 'yan dako su shigo bi da bi: D2EHPA ya ɗauke manganis, Cyanex 272 ya ɗauke kobalt, man ya yi shuɗin nan, sannan a ɗaga pH a kwashe nikel. Litiyom ne ke ragewa a ruwan ƙarshe, a zuba masa soda ya kwanta fari a gindin tanki.